Ku gaishe ni ku wuce, a ƙasa zan tafi

Assalamu alaikum. Na san kun daɗe ba ku ji ni ba. Masu tambaya ko Hajiya ta daina faɗa a shafinta, to ga ni na dawo, kuma bakina lafiya lau yake.

Ciwon suga ya yi shekara da shekaru a jikina. Da ƙishirwa ya fara, in sha ruwa in ƙara, in yi ta zaryar bayan gida. Aka gwada aka ce suga ne, aka ɗora ni kan magani, na ci gaba da hidimar gidana.

Bara sai numfashi ya fara gagara ta. Ko tsakar gida na share sai in ji kamar an aza mini turmi a ƙirji. Daga asibitin nan Zuru aka tura mu Sakkwato, daga can kuma Abuja. Awon jini, hoto, wayoyi a ƙirji. Likita ya ce hanyoyin jinin zuciyata sun toshe, sai an yi aiki. Kuɗin ya fi ƙarfinmu. Maigida ya sayar da gonarsa ta Danko, 'yan'uwa suka cika.

Na ji tsoro ƙwarai. Da aka tura ni ɗakin tiyata, kalmar shahada kawai ke bakina.

Allah Ya sa aka yi a sa'a. Na farka da bututu a baki, in zan yi tari sai na rungume filo.

Ranar sallama likita ya ce, "Hajiya, zuciya mun gyara. Amma in kika bar sugan nan, zai sake toshe abin da muka buɗe. Magani, kula da abinci, da tafiya a ƙasa kullum."

Na dawo gida na shige ɗaki. Gani nake in na motsa ɗinkin zai ɓalle. Kullum a soki yatsa, kullum suga a sama. Tuwona ya koma kamar na yaye. Sai in zauna in yi ta hawaye ba dalili. Ban kuma yarda kowa a unguwa ya san ainihin abin da ke damuna ba, don ba na son a ji tausayina.

Wata rana maigida ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Gidan nan ya yi shiru har ina jin tsoro. Ki tashi, ko ni ne ki yi wa faɗa."

Dariya ta kama ni har ƙirjina ya yi zafi. Washegari da safe na sa hijabi na fita.

Ashe wani aikin na jira na a hanya. Duk unguwarmu an san ni da cewa wanda ya wuce babba yana tafiya a ƙasa, shi yana kan abin hawa, ba shi da tarbiyya. Har gobe ina kan maganata. To ban yi nisa ba ɗan kabu-kabu ya taka burki.

"Mama, ina zuwa? Hau in kai ki."

"Ba inda za ni."

"To mi kike yi bisa hanya?"

Na sallame shi, wani ya tsaya. Na sallami wannan, maƙwabcinmu mai mota ya buɗe mini ƙofa. Kafin mako ya zagayo magana ta bazu cewa Hajiya ta rame tana yawo ita kaɗai, wataƙila yaji take nema. Har yayar maigida ta taso daga Bena ta zo sulhu. Kunya ta sa na koma ɗaki, na ce tafiyar ta ƙare ke nan.

Sai ga maƙwabciyata Maman Bitrus, matar tsohon soja. Ita kam na gaya mata komai. Ta ce, "Hajiya, kin hana mutane sani, kuma kina fushi don ba su sani ba. Gobe in na gama addu'ar safe zan ƙwanƙwasa miki."

Ta kuwa zo. Muna tafe, duk wanda ya rage gudu sai ta ɗaga masa hannu. "Wuce, ɗana. Likita ya sa Hajiya fareti."

Yanzu kullum muna fita, mu bi ta bayan gari inda ake hangen duwatsu, mu dawo kafin rana ta yi zafi. Ita tana ba ni labarin bariki, ni ina gyara mata tarbiyyar jikokinta. Hawayen nan sun tafi. Da na koma asibiti likita ya duba sakamakon ya ce, "Duk abin da kike yi, kada ki bari."

Sugan bai rabu da ni ba, kuma an ce ba zai rabu ba. Amma yanzu ba shi ke juya ni ba.

Na gode wa Allah. Na gode wa maigida, da likitoci da nas-nas, da duk wanda ya taimaka da aljihunsa ko addu'arsa. Maman Bitrus, Allah Ya bar zumunci.

Ku mata 'yan'uwana, ku saurara. Nauyin ƙirji ba gajiyar aiki ba ce, ku je a duba ku. Kada ku yi fashin magani don kun ji sauƙi, kada ku bar na asibiti don wata ta ba ku sassaƙe. Masu suga, ku riƙa duba ƙafafunku saboda gyambo. In zuciya ta yi ƙunci ku faɗa wa wani, ɓoyewa ba juriya ba ce.

Ku kuma 'yan kabu-kabu, ku ci gaba da tsayawa manya. Ni dai in kun gan ni, ku gaishe ni ku wuce. Wanda ya wuce bai gaishe ni ba, na san gidan uwarsa, kuma yanzu ina da ƙafar zuwa.