Ranar Da Na Iske Zaman Makokina a Goron Dutse

Funtua zuwa Dayi

Ƙarfe biyar da minti arba'in na asuba muka bar tashar Funtua. An gayyace ni Kano taron 'yan jarida, in yi bayani kan yadda labari ke yaɗuwa a soshiyal midiya. Kafin mu tashi na ɗauki hotona a gaban motarmu, wata jar Sharon, na ɗora a shafina na rubuta: "Sai Kano, a sa mu a addu'a." Kwana biyu ba mu da wuta, ko Bakori ba mu kai ba wayata ta mutu.

Mun wuce shingen sojoji biyu lafiya. A Dayi injin ya ɗau zafi, muka sauka.

"Malam direba, za mu daɗe?"

"Hajiya, sai abin da bakanike ya ce."

Awa uku muka yi a gindin wata darbejiya. Ƙosai da koko na karya da su.

Gwarzo zuwa Kabuga

Wajen sha ɗaya, gaba kaɗan da Gwarzo, muka ga wata jar Sharon a kife cikin kwalbati. Ba kowa a wurin, sai takalma da kwanon abinci a gefen titi. Direba ya rage gudu, muka yi salati. Sha biyu da rabi na sauka a Ƙofar Kabuga, na hau adaidaita sahu zuwa gidan Gwaggo Asabe, ƙanwar mahaifina, inda zan kwana.

Goron Dutse

Tun daga bakin lungu na ga an shimfiɗa tabarmi, maza na zaune. Na yi sallama. Wani dattijo ya ɗago kai, ya bi ni da kallo. Na ce a raina wani aka rasa ba a gaya mini ba.

Zaure cike da takalman mata. Ina shiga tsakar gida kukan da ake yi ya yanke. Wata mata ta ja ɗanta baya. Ba wadda ta matso, sun zuba mini ido kawai, ni kuma ina riƙe da jaka.

"Wa ya rasu?" na tambaya.

Gwaggo ce ta taso a hankali. Ta kama hannuna ta murza, ta taɓa kumatuna.

"Hadiza, ke ce?"

"Ni ce, Gwaggo."

"Kawunki yana asibiti tun ƙarfe tara, yana neman gawarki."

Aka miƙo mini waya. Ga hotona na asuba, an haɗa shi da na motar da ta kife, a sama an rubuta innalillahi da cikakken sunana. Na karanta yabon da mutane suka yi mini. Wata da muka shekara ba ma magana ta rubuta cewa ta yafe mini.

Na kira Inna a Funtua. Da ta ji muryata sai ta kashe wayar. Sai a kira na uku ta tsaya.

"In ke ce, faɗi sunan da kakarki ke kiranki."

Na faɗa. Sannan ta fashe da kuka.

Zauren taro

Washegari ƙarfe tara na isa. An cire takardar sunana daga kan tebur. Malam Kabiru, wanda ya shirya taron, ya ce jiya da addu'ata suka buɗe zama. Wasu sun ga gyaran da na ɗora a shafina cewa ina raye, da yawa ba su gani ba. Da na hau mumbari sai aka zuba mini ido irin na gidan Gwaggo.

Na ajiye takardar da na shirya, na ba su labarin jiya. Ina gamawa wani mai ɗaukar hoto ya miƙe daga baya.

"Malama, ni na fara ɗorawa. Na ga kalar motar ɗaya, an ce akwai mace a ciki."

"Ka kira wani?"

"Na kira ki, a kashe."

"Ita macen, wace ce?"

Bai sani ba. Ba wanda ya sani a zauren. Tun jiya Kawu ya gaya mini ya ga gawarta a asibiti, sa'ata ce, ba waya ba kati a jikinta. Ta yini da sunana, don haka ba wanda ya yi cigiyar danginta. Kafin mu tashi muka rubuta cigiya, kowa ya ɗora a shafinsa.

Komawa

Washegari ƙarfe bakwai na safe na bar Kabuga, sha ɗaya saura ina Funtua. Har lokacin ba a ji daga danginta ba. Na gode wa Allah da Ya dawo da ni, na gode wa Gwaggo da mutanen Goron Dutse.

Na iske Inna a kan darduma. Ta ce in zauna kusa da ita.

"An sauke miki Alƙur'ani shekaranjiya," ta ce. "Na gaya wa malamai su mayar wa waccan baiwar Allah. Ita ma 'yar wata ce."