Mun Je Neman Izinin Fasa-Gora

Haɗeja

Ana sallame sallar asuba muka fito daga gida, ni da Hajara 'yar yayana, da wani kwali da ta rungume kamar jariri. Ni dai ba a nemi shawarata ba. Mahaifinta, Yaya Sale, ne ya ce in rufe shago in raka ta, tunda a ganinsa ni ne marar aikin yi a gidanmu. Kayan injin ban-ruwa nake sayarwa, kuma lokacin ne masu noman rani ke fara gyaran injinansu, amma ba a musu da Yaya.

Abin da ke cikin kwalin Fasa-Gora ne. Duk wanda ya yi ƙuruciya a ƙasar nan a zamaninmu ya san shi. Mutum-mutumin yumɓu ne da bai wuce tafin hannu ba, da malafa, da kulki a ɗage, da kunne ɗaya a tsage. Ranar kasuwa ake kawo shi daga ƙauyukan fadama tare da shanun yumɓu da 'yan jiragen ruwa. Sai mu jera shanun da jiragen, mu ce ga Fasa-Gora nan ya taho, mu ja da baya, mu yi ta jifansa da hoge har ya zama gari. In kasuwa ta zagayo a sayi wani. Guda ɗaya tak ya tsira a gidanmu, shi ma don Yaya Sale na kwance da ƙyanda ne a makon, Inna ta jefa shi cikin kwalla ta manta.

Wannan tsohon Hajara ta gani ta sabunta. Ta karanta zane a Kano, ta ajiye aikin albashi, ta zana shi a kwamfuta, wani inji ya fitar da shi da roba. Wuyansa na juyawa, gwiwarsa na lanƙwashewa, an yi masa ƙwanji irin na ɗan dambe, ga goran masunta a ɗaya hannunsa mai rabewa biyu ya sake haɗewa da maganaɗisu. Kwalin ma har da tagar leda da ake hango shi ta ciki. Ta ce manya ne ke sayen irinsu, masu gemu da iyali, kuma galibi ba sa ko buɗe kwalin. Na tambaye ta sau biyu don in tabbatar na ji daidai.

Wani kanti a Kano ya ce ta kawo samfur ranar Litinin su gani. Samfurin kuwa guda ɗaya ne a duniya, kuma duk abin da ta tara ya tafi wajen yin sa. Yaya Sale ya ce ba za a sayar da sana'ar wani ba tare da izininsa ba, sai ta je gidan maginiyar da ta fara yin sa. Ranar Asabar muka tashi.

Hanyar Kirikasamma

A tasha muka samu ƙaramar mota saura mutum biyu, muka cika ta, sannan aka ƙara mutum uku. Direban ya so a sa kwalin a but tare da buhunan taki. Hajara ta dube shi, bai sake tayar da zancen ba.

Rana ta ɗan ɗaga muka iso wani shingen bincike. Wani matashin jami'i ya leƙo.

"Hajiya, mene ne a kwalin?"

"Kayan wasa ne, ranka ya daɗe."

Ya kara idonsa a tagar kwalin ya daɗe yana kallo. "Wannan ba gunki ba ne?"

Na ce, "A'a, yallaɓai. Gunki bauta masa ake yi. Wannan jifansa ake yi."

Sai wani babbansu mai furfura ya matso ya leƙa. "Kai! Fasa-Gora! Wa ya ba shi abinci haka?" Ya ɗaga mana hannu muka wuce, yana ta yi wa yaron nasa bayani.

Kirikasamma zuwa Garin Kolo

Mun karya da koko da ƙosai a bakin tasha, sannan muka nemi babura. Ɗan acaɓan farko ya faɗi kuɗin da ya sa na tambaye shi ko har da babur ɗin za mu tafi gida. Muka daidaita da wasu biyu. Hanyar kan kunyar gonakin shinkafa take, ruwa a dama, ruwa a hagu, masu korar tsuntsayen jan-baki suna kaɗa gwangwanaye daga kan rumfuna. Nawa direban ya ce bai taɓa kayar da fasinja ba a wannan watan. Watan kwanansa kaɗan da kamawa.

Kafin azahar muka isa Garin Kolo. Maginiyar, Iya Yagana, ta daɗe da rasuwa, amma 'yarta Ya Falmata na nan, ita ma tsohuwa, tana gina tukwane a gindin tsamiya. Muka gaisa, Hajara ta sauke tsarabar da muka zo da ita gaba ɗaya: goro, da turmin atamfa, da sabulu, da sukari. Aka sa mana albarka, aka kawo burabusko da miyar tarwaɗa. Ban taɓa cin mai daɗinsa ba, kuma na nuna hakan a aikace.

Da muka wanke hannu Hajara ta juya mata tagar kwalin, ta faɗi abin da ya kawo mu. Ya Falmata ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Sannan ta daina.

"'Yata, ai wannan ba mu ke da shi ba. Iya hannu ta sa kawai. Fuskar ta Baba Modu ce."

Na ce, "Wane Baba Modu? Ba aljanin ruwa ba ne?"

"Aljani kuma? Yana nan Tudun Giginya da ransa, hayin ruwa."

Ta yi mana bayani. A can akwai tafkin da ake rufewa kowace shekara, ba mai jefa ko ƙugiya sai ranar da sarkin ruwa ya buɗe shi. Baba Modu ne aka ba gadinsa yana saurayi. Yara kan saci jiki su hau gora, babban duman nan da masunta ke hawa a ruwa, su shiga kamun kifi, shi kuma in ya kama yaro sai ya fito da shi, ya fasa goran a gabansa. Iya Yagana ta ga yadda yara ke jin haushinsa, ta gina shi da yumɓu, ya fi tukwanenta kasuwa.

"In izini kuke so, wurin mai fuskar za ku," in ji ta. "Ga jirgi can zai tashi."

A hanyar bakin ruwa Hajara ta rage murya. "Baffa, mun ba da tsarabar duka."

Na duba garin. Ba kanti, ba mai tebur, sai wata akuya.

Cikin ruwa

Kwalekwalen na ɗauke da mu, da buhun gishiri, da keken wani malami. Mai jirgin, Malam Bukar, da doguwar sanda yake turawa, don ciyawar kacalla ta cinye hanyar, sai ɗan lungu da aka sare da lauje. Ta fi ni tsawo ta kowane gefe. Daga can ɓangaren Baturiya tsuntsaye ke tashi garke-garke, farare da baƙaƙe, Hajara ba ta kalli ko ɗaya ba. Duk sanda ruwa ya fantsamo sai ta ɗaga kwalin sama da kanta.

Na tambayi Malam Bukar ko dattijon na da faɗa.

"Da dai," in ji shi. "Yanzu sai dai ya kalle ka."

Tudun Giginya

Bayan la'asar muka sauka. Mun same shi zaune a kan tabarma a ƙofar gidansa, ɗan siririn tsoho da za ka iya ɗauka da hannu ɗaya. Ba ƙwanji, ba kulki. Amma da ya juyo sai ga kunnen, a tsage daidai inda yake a yumɓu. 

Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, aka tambayi ruwa, da gajiya, da mutanen Haɗeja. Hajara ta durƙusa ta miƙa kwalin da hannu biyu don ya duba, ni kuma na gyara murya zan fara bayani. Ban kai ga buɗe baki ba ya karɓa.

"Har da ɗawainiya? Madalla. Allah ya yi albarka."

Ko kallonsa bai yi ba. Ya kira surukarsa, matar ɗansa, ya miƙa mata, kwali ya shige cikin gida. Shi ke nan. Baƙo ya zo wurin dattijo ya miƙa abu da hannu biyu, wannan tsaraba ce. Ba a buɗe ta a gaban wanda ya kawo, kuma tunda nake ban taɓa jin wanda ya ce a dawo masa da tasa ba.

Muka ci gaba da hira a kan shinkafa. Malam Bukar ya gaji da jira ya ce sai da safe. Aka sauke ni a zaure, Hajara wurin mata, aka kawo tuwon shinkafa da miyar kuka tun kafin magariba. Ta fito ta same ni ko loma ba ta kai ba.

"Baffa, ka yi magana mana."

"In ce me? In ce Baba, mun zo sayar da fuskarka, kuma ka dawo mana da kyautarmu?"

Ta zauna ta haɗa kai da gwiwa. Ta bar aikinta saboda abin nan, ga Litinin jibi. Na tausaya mata ƙwarai, kuma ban da wata dabara.

Da safe bayan an dawo daga masallaci ya aiko a kira mu. Fasa-Gora na tsaye a kan tabarma gabansa, a waje. Kwalin kuwa surukar tuni ta zuba busasshen kifi a ciki, ta ce tagar na da amfani.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ce, Baba."

"Kin ba ni ƙirji. Ban taɓa yin ƙirji ba." Ya shafa kunnensa. "Amma kunnen nawa ne."

Nan Hajara ta faɗa masa komai: kantin Kano, da ranar Litinin, da cewa ba ta san mutum ba ne mai rai. Ta ce in bai so ba, za ta gyara kunnen ta sauya sunan. In kuma ya fi so, za ta mai da shi jarumi mai ceton yara.

 Ya ce, "Na san Yagana na yin su. Ban hana ta ba, da shi take ciyar da gidanta. Ranar kasuwa ina zaune a nan ina jin ana fasa ni a bayan danga. Har da nawa yaran, da kuɗin alewar da na ba su."

Ya faɗe ta kamar mai ba da labarin damina.  Tausayinsa ya cika ni har na kasa kallonsa.

Ya ƙwanƙwasa ƙirjin robar da farce. "To wannan da me ake jifansa? Na ga hoge ba zai yi masa komai ba."

"Ba a jifansa, Baba. Ajiye shi ake yi. A sa shi a kabad mai gilashi a falo, a riƙa goge masa ƙura."

"Kullum?"

"Wasu kullum."

 Ya kama hannun mai kulkin ya sauke shi ƙasa a hankali, ya duba, sannan ya mayar da shi sama.

"Kada ki mai da ni mutumin kirki. Tafkin na nan, bai rage zurfi ba, gara yara su ci gaba da tsorona. Bar kulkin inda yake, ki yi su da yawa, na yarda."

Hajara ta yi godiya, amma idonta na kan tabarma. Ya lura.

"Tsaraba kin kawo, na karɓa, yanzu nawa ne. To na ba ki aronsa ki kai Kano. In sun gama kallo ki dawo mini da abina. Ina so in ga yadda ake goge ƙurar nan."

Aka juye kifin a faranti aka ba mu kwalin. Da hannunsa ya mayar da shi ciki, ya miƙa mata da hannu biyu.

Komowa

Malam Bukar ya zo da hantsi. Hajara ta yi kuka daga Tudun Giginya har Garin Kolo, mai jirgin ya yi kamar kacalla yake lissafawa. Daga nan babur, daga babur mota, wadda ta tsaya sau ɗaya don ta sha ruwa, mu ma muka sha. A motar kowa na tambayar wa ya ɗauko kifi. Mun shigo Haɗeja ana kiran magariba, Yaya Sale na tsaye a ƙofar gida.

"An yarda?"

Na ce, "An ba da aro."

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Ya Falmata da burabuskonta, da Malam Bukar, da ɗan acaɓan da har yanzu bai kayar da kowa ba a watan. Baba Modu kuwa, ban san irin godiyar da ta dace da shi ba.

Ranar Litinin da sassafe Hajara ta hau motar Kano da kwalinta. Ni kuma ban buɗe shago ba sai da na biya wurin kafinta. Na ce ya yi mini ɗan ƙaramin kabad mai gilashi, wanda zai shiga kwalekwale.