Zangarniya Ɗaya da Tsohuwar Hula

A ƙauyenmu da ke gefen Rimin Gado, da an idar da sallar magariba kakarmu Inna Hansai takan zuba mana gyaɗa a rushin murhu, mu kewaye ta.

"Ga ta nan tafe gare ku," in ji ta. "Kai Habu, rufe bakin nan kada sauro ya faɗa." Ni ne Habun.

Tatsuniyar da ta fi yi mana ta wani malami ce mai irin geron da babu kamarsa. Duk ɗalibin da ya sauke zai koma garinsu, sai malam ya ba shi zangarniya ɗaya ya je ya shuka, da sharaɗin kowace kaka ya dawo da ɗaya. Wata shekara fara ta sauka a garin malam, ta cinye gonaki har kara. Yunwa ta sa aka daka irin shuka aka ci. Damina ta matso, ba abin da za a jefa a rami. Sai ga tsofaffin ɗalibai ta gabas da yamma, kowa da zangarniyarsa a hannu. Da su aka yi shuka.

Na ce, "Inna, zangarniya ɗaya ai ko kunu ba za ta yi ba."

Ta ce, "Ji mini acici! Wa ya ce maka ta kunu ce? Ta shuka ce."

Ina shekara ta uku a jami'a damina ta ƙi, Baba ya ce in haƙura in dawo gida. Asusun tsofaffin ɗaliban jami'ar ne ya biya mini rajista. A ofishinsu na ji asalinsa. Tun kafin a haife ni, wasu 'yan aji ɗaya suka zagaya da hula, suka haɗa wa abokinsu kuɗin makaranta. Da suka gama karatu ba su daina ba, duk shekara sai sun dawo. Waɗanda aka taimaka wa suka ɗora. Har yau hular nan ake zagayawa da ita a taronsu na shekara-shekara, ta koɗe, an yi mata faci.

Na daɗe ba na zuwa, ina jin kunyar ɗan abin da zan iya bayarwa a gaban manyan alhazai. Bana na je. Da hular ta iso gabana, hannuna ya tsaya a aljihu. Sai na tuna Inna, Allah ya jiƙanta, tana hararata: wa ya ce maka ta kunu ce?

Na saka nawa, na miƙa wa na kusa da ni.