Rabin Bulon da Senga Ta Karanta

Senga Muirhead tana da shekara goma sha huɗu aka kori mahaifinta daga kamfanin bulo na gidan Lennie. Shi ke sassaƙa hatimin ƙarfen da ake buga sunan kamfani a jikin jan bulo. Wani kaya da aka aika ƙasar waje ya tsattsage, sai mai kamfanin ya ɗora masa laifi a gaban ma'aikata, wai hatiminsa ke raunana bulon. Senga ta kawo wa uban abincin rana ke nan. Ta ga ɗan mai kamfanin, Alasdair, jingine da ƙofa yana dariya.

A makon aka fitar da su daga gidan ma'aikata, cikin ruwan sama. Uban ya samu aiki a wani ƙaramin kamfani da ke hayin kogi, Balwhinnie, amma bai ƙara ɗaga kai a cikin gari ba har ya rasu.

Senga ta yi shekara talatin tana ɗiban bulo daga bakin wuta. Da aka rufe kamfanonin, sai ta shiga tsintar tsofaffin bulo a kangaye tana jerawa a bayan gida. A hankali sunanta ya fita. Mutane daga ƙasashe masu nisa kan aiko mata hoton bulon da suka tono, ta duba rubutun, ta faɗa musu garin da aka gasa shi.

Tana da saba'in da ɗaya Alasdair ya ƙwanƙwasa mata ƙofa, yana dogara sanda. Bai gane ta ba. Ya ajiye rabin bulo a tebur, haruffa huɗu kawai suka rage a jikinsa: NNIE.

"Daga murhun wani kamfanin sukari a Mozambik," in ji shi. "Shekara hamsin yana shan wuta bai tsage ba. Namu ne, na gidan Lennie. Za mu yi taro a zauren gari, ki zo ki tabbatar wa jama'a."

Kallo ɗaya ta yi wa bulon.

"Zan zo, ranka ya daɗe. Ko da rarrafe."

A ranar ta rubuta wa injiniyan kamfanin sukarin wasiƙa.

Ranar taro zauren ya cika, har da 'yan jarida. Alasdair ya gama yabon kakanninsa, ya miƙa mata bulon.

"Wannan na Balwhinnie ne," ta ce. "Su ma sunansu da NNIE ya ƙare. Ku dubi ƙafar N ta biyu, ta fi kauri. Babana ya sassaƙa ta, bayan kun kore shi kana dariya." Ta zaro hoton da injiniyan ya aiko mata daga jaka. "Naku ma sun isa can, Alasdair, kada ka damu. Ga su nan a farfashe, an yi wa awaki shinge da su."

Wani tsoho a baya ya fara tuntsurewa da dariya, sauran suka bi. Alasdair ya lalubi sandarsa.

Da ya mutu bayan shekara biyu, Senga ta sa jar rigarta ta je jana'iza, inda kowa ke sanye da baƙi. A wajen shan shayin bayan jana'izar ta ci fanken nama biyu, ta nannaɗe na uku a takarda ta tafi gida.