Ɗan Gunkin Teku

Wata ranar Asabar ce bayan la'asar, ba a daɗe da Sallar layya ba, don har lokacin ƙamshin soyayyen nama bai gama fita daga tufafin mutane ba, a shekarar da Alhaji Bukar mai fatu ya sayo akwatin talabijin na farko a layinmu na Hausari. An fito da akwatin ƙofar gida, an ɗora shi a kan teburi a inuwar dogon yaro, an yaye masa ƙyallen da ake lulluɓe shi da shi kamar amarya. Manya suka zauna a tabarmin gaba, mu yara muka cunkushe a baya, mata suna leƙe daga cikin soro. Babana, Malam Habu mai wankin hula, tun da aka kawo abin bai taɓa taka ƙafarsa wurin ba, don a cewarsa kallon mutane a cikin akwati aikin marasa sana'a ne. Ran nan sai ga shi cikin farar rigarsa ta Juma'a, ya shafa turare, ya zauna dab da Alhaji. Dalili kuwa ɗansa ne zai fito a ciki. Ɗan nan ni ne, kuma da na san abin da akwatin ya tanadar mini, da na wuce bakin kogin Ngadda na yi zamana har magariba.

Bari in koma baya kaɗan, ku san gidan da na fito. Baba daga Kano ya zo Maiduguri yana saurayi, da niyyar ya ci rani ya koma, sai garin ya riƙe shi har kabari. Barebari mutane ne da za su iya haƙura da miya amma ba za su haƙura da hula mai datti ba, saboda haka bai taɓa rasa aiki ba. Tsakar gidanmu cike yake da kututturan itace da ake kifa huluna a kai, jere a rana kamar mutane sun zo ɗaurin aure an binne su zuwa wuya. Aikina shi ne in ɗebo ruwa a famfon bakin layi, in jiƙa huluna a baho, in dama sitaci, in tsare su kada awaki su lashe ko kaji su hau. In na yi garaje da buroshi sai Baba ya ce, "Kan mutane kake riƙe da shi, ka yi hankali." Makarantar boko kuwa Innata ce ta dage, ta haɗa shi da ƙanenta, har ya gaji ya yarda. Amma da sharaɗi, kuma a gabana ya faɗa: "Ranar da bokon nan ya jawo mini magana a gari, ka dawo bakin baho." Na riƙe wannan magana kamar ƙwai. Ban yi faɗa ba, ban yi fashi ba, ko mangwaron hedimasta ban taɓa jifa ba, alhali kowa yana jifa.

A aji biyar muka faɗa hannun Malam Yusufu, mutumin Biu, dogo siriri, mai keken da ya fi shi tsufa. Yana da wani littafin Turanci na yara wanda bangonsa ya daɗe da rabuwa da shi, cike da labaran Girkawan dauri da gumakansu. Duk ranar Alhamis kafin a tashi sai ya karanta mana, yana juyawa da Hausarsa mai ɗan karkace. Mu dai ba mu taɓa jin irin waɗannan gumaka ba, ba su da aiki sai faɗa da gulma da haihuwar 'ya'ya a gidajen mutane. Wani yana jifa da tsawa, wani kuma teku duka nasa ne. Muka tambayi Malam mene ne teku, ya ce mu ɗauka Tafkin Chadi ne ya yi ƙiba, sai dai ba a shan ruwansa. Daga nan muka bar langa da 'yar ɓuya. Da rani in Ngadda ta ƙafe, mu ne a cikin yashinta da karan dawa a matsayin mashi, wannan ya ce shi ɗan mai tsawa ne, wancan ya ce shi ɗan mai teku ne, wanda ya fi kowa rauni a ba shi dodo ya sha duka.

Da hutu ya matso sai Malam ya ɗauki ɗaya daga cikin labaran ya gyara shi ya zama wasan kwaikwayo. Wani yaro ne da masunci ya raina, har ya yi wayo ya ji cewa ainihin ubansa gunkin teku ne. Sai girman kai ya kama shi, ya wulaƙanta tsohon ya tafi neman ubansa. Ya kashe dodo mai kawuna da yawa, ya isa fadar ƙarƙashin ruwa, ya tarar gunkin ko sunansa bai sani ba, don 'ya'yansa sun yi masa yawa. Yaron ya juyo gida, ya durƙusa a gaban masunci ya nemi gafara. Nan ne ran wasan, Malam ya fi wahalar da mu a kansa. Ni aka ba yaron, ba don kyau ba, don muryata tana kaiwa bayan fili. Modu Kolo, abokina, aka ba masuncin. To Modu fuskarsa kamar ta jariri, ko an shafa masa alli a haɓa ba ya tsufa. Sai Malam ya hau kekensa ya zo wurin Baba da kansa, ya yi gaisuwa irin ta mutunci, ya ce wasa ne na girmama iyaye, kuma mutanen talabijin za su zo su ɗauka, ko za a taimaka da kayan dattijo. Baba ya shiga ɗaki ya fito da tsohuwar rigarsa da koriyar hularsa 'yar Bama, wadda duk Hausari ko daga nesa aka hango an san kan wa take. Da hannunsa ya wanke ta, ya sa mata sitaci, ya ba ni in kai.

Mutanen talabijin suka zo da mota, babbansu mai ƙaton tabarau da wando mai buɗaɗɗiyar ƙafa wanda ke share filin makaranta kyauta. Suka ɗauki wasan tun daga fari har ƙarshe, har durƙuson nan sai da ya sa na maimaita, ya ce in ƙara kuka. Na ƙara. Ya ce za a nuna ranar Asabar a cikin shirin yara.

Ga mu nan dai a ƙofar Alhaji Bukar. Hoto ya yi ta rawa, sannan ya tsaya, sai ga ni. Yara suka sa ihu, mata suka yi guɗa daga soro. Da Modu ya fito da koriyar hula sai Ba Kura mahauci, maƙwabcinmu, wanda bakinsa ya fi wuƙarsa kaifi, ya ce ga hular Malam Habu ta riga mai ita shiga duniya. Na saci kallon Baba na ga yana murmushi, abin da ba kullum ake gani ba. Can sai aka zo wurin. Na ga kaina, baƙi da fari, na nuna mai koriyar hula da yatsa, muryar nan da ke kaiwa bayan fili ta cika layi: "Kai ba ubana ba ne. Ubana yana ƙarƙashin teku, kai raino kawai ka yi." Na ture shi kamar yadda aka koya mini, hular ta faɗi ƙasa ta mirgina, mai ɗaukar hoto kuma, Allah ya saka masa, ya bi ta har ta tsaya.

Idanu suka juya wajen Baba. Ni ban damu ba, na san abin da ke tafe. Aka nuna faɗana da dodo, yara ne a cikin bargo da ƙore a kawunansu, na ɗaga mashi zan soke shi. Sai hoton ya ɗauke. Sai ga wani mutum da laktaye ya yi sallama ya ce lokacin labarai ya yi. Na yi ta jira a dawo. Aka yi labarin gwamna, aka yi labarin taki, aka yi labarin wata gada. Ba a dawo ba. Ba Kura ya gyara murya ya juya wajen Baba ya ce, "Malam, ashe riƙo kake yi duk shekarun nan? Wushe, sannu da ƙoƙari." Dariya ta tashi tun daga tabarmin gaba har cikin soro. Baba ya miƙe, ya zura takalmansa, ya tafi bai yi wa kowa sallama ba.

Bai doke ni ba, da ma dukan ya yi. Da na shiga gida yana tsaye a cikin kututturan nan, ya ce ranar Litinin in mai da wa makaranta abin da yake nasu. Na ce Baba, yanke ƙarshen suka yi, a ƙarshe na durƙusa. Ya dube ni ya ce, "Wa ya ga ƙarshen? Abin da mutane suka ji shi ne abin da ka faɗa." Malam Yusufu ya zo, Baba ya ba shi ruwa ya saurare shi, sannan ya ce magana ɗaya ce, a gaban jama'a aka ce shi ba uba ba ne, in akwatin ya fito ya nuna ƙarshen a gaban jama'a, yaro zai koma. Malam ya yi ta zarya da kekensa zuwa gidan talabijin, har aka gaji da shi aka ce masa an ɗauki wani abu a kan faifan. Ku masu digiri za ku ce ai wasa ne, ai kowa ya san wasa ne. Haka ne, kowa ya sani, shi ya sa ma dariyar ta yi daɗi. A bakin famfo mata suka riƙa tambayar Inna yaushe mijinta na ruwa zai kawo kifi, sai da ta daina zuwa suna da biki har damina ta wuce. Limamin layinmu ya yi wa'azi a kan masu koya wa yara jingina kansu ga gumaka, bai ambaci suna ba, bai kuwa buƙaci ya ambata ba. Ni kuwa sunan Ɗan Teku ya bi ni har na yi furfura, ni da ko Baga ta bakin Tafkin Chadi ban taɓa zuwa ba sai da na yi aure.

Haka karatuna ya tsaya a aji biyar, da ɗan Turancin da nake karanta allon asibiti da shi. Modu Kolo, wanda aka ture, shi ya ci gaba har ya zama babban ma'aikaci, ya zauna a GRA, yana aiko mini da hulunansa da direba. Na wanke su tas, ban taɓa rage masa sitaci ba. Na yi shekaru a gefen Baba a bakin baho ɗaya, mun shirya, ya yi mini aure, ya sa wa 'ya'yana albarka. Amma duk lokacin da na ɗauko zancen na ce, Baba, ƙarshen wasan nan, sai ya ce in miƙo sabulu. Koriyar hular bai sake sa ta ba. Ta zauna a kan wani kututture a lungu har rana ta cinye launinta.

Yanzu ina zaune a Gomari wurin babban ɗana, idona ya daina ganin zaren hula. Sai ga abin nan ya biyo ni har falo. Turawa sun ɗauko littattafan yaransu na gumakan Girkawa suna mai da su wasan talabijin kashi-kashi, da teku na gaske da dodanni da ba bargo ba ƙwarya, jikokina kuma ba sa ko ƙifta ido. A gaban ubansu wannan zai ce shi ɗan mai tsawa ne, waccan ta ce ita 'yar mai hikima ce, uban yana danna waya yana dariya, shi ne ma ke biyan kuɗin kallon. Ba a cire kowa daga makaranta ba, ba wanda ya daina zuwa suna.

Kwanan baya da hantsi Falmata, babbar jikata, wadda nake ce wa uwargida ita kuma tana ce mini tsohon angonta, ta tashi daga gaban akwatin tana tsaki. Wai ta karanta littafin, kuma masu wasan sun yanke wurin da ya fi ko'ina ma'ana. Na ce uwargida, ni za ki ba labarin yanka? Na kwashe duka na faɗa mata, ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta ce, "To Kaka, me ka ce a ƙarshen?" Ba wanda ya taɓa tambayata. Na dafa kujera na sauka a kan gwiwoyin nan da suka daina jin magana, na cire hulata, na fara: "Wanda ya ciyar da ni, ya yi jinyata, shi ne..." Sai kashi na gaba ya kunna kansa, kiɗa ya tashi, idonta ya koma can. Na ƙarasa a hankali, "shi ne ubana. Ka yafe mini, Baba." Ba ta ji ba. Shi ma da yake kwance a maƙabartar Gwange bai ji ba. Na lallaɓa na tashi na mai da hulata.

Sau biyu ke nan akwati yana yanke ni a wuri ɗaya.