Ranar da Na Ɗaure Jirage

Mutanen da suka san yayana cikin babbar riga, yana zuwa majalisa a Kaduna, ba su san ƙarnin kifin da muka tashi a ciki ba. Masunta ne mu tun kaka da kakanni, daga Goronyo har gangaren Rabah babu gurbin da bai jefa taru ba. Bakinsa ne ya kai shi siyasa. Duk lokacin da dogarai suka takura wa masunta, shi ake turawa, don ba ya ƙifta ido gaban mai rawani.

Tsayawarsa takara ta farko zamanin Turawa ce, ƙarshen damina, gulbi ya cika ya batse. A Wurno za a yi zaɓen, kuma a lokacin bayan ɗan takara ake yin layi, Bature ya bi yana dubawa. Abokin karawarsa ɗan sarauta ne, mafi yawan mutanensa kuwa manoman ƙetare ne. Ba su da hanyar zuwa sai ta jiragenmu.

Ni mai zafin kai ne, ban ɓoye ba. Da hantsi na tara samarin masunta muka janye jirage duka muka ɗaure a cikin kyauro. Muna hango manoman a wancan gefe, sun cika gaɓa suna ɗaga hannu. Na ce in rana ta yi tsaka an rufe layi, shi ke nan, kujera tamu ce.

Sai ga yayana ya sauko daga gari, sanye da rigar aro. Ya dubi ƙetare, ya dube ni.

"Mi kaka yi haka?" in ji shi.

Na ce, "Yaya, waɗanga ba naka ba na. In sunka hito, kai za su kayar."

Ya ce, "Na sani. Ubanmu ya taɓa barin mutum tsaye bakin gulbi?"

Bai taɓa ba. A wurinmu wanda ya ɗaga hannu a gaɓa, ko shi ya kashe maka uba, sai ka fitar da shi, in ya taka ƙasa ku ci gaba da gabarku. Na san wannan sarai, amma na riƙe igiyar na ƙi saki. Ya matso har ina jin numfashinsa, na ɗauka mari zai kai mini, kuma wallahi ban san abin da zan yi ba in ya kai. Bai taɓa ni ba. Ya tuɓe rigar ya ɗora mini a kafaɗa, ya zare igiyar daga hannuna, ya ɗauki gwangwalar tuƙin jirgi.

Sawu bayan sawu ya yi ta fito da su, sauran masunta suka bi shi. Manoman suna sauka suna sunkuyar da kai, suka haura gari, suka jeru bayan ɗan sarautar kamar yadda aka umarce su. Yayana ya tsaya gaban guntun layinsa da jiƙaƙƙen wando. Ya faɗi zaɓen.

Da la'asar suka dawo bakin gulbi za su koma gida, babu mai iya kallonmu. Zuciyata kamar ta fashe don baƙin ciki. Ya miƙo mini gwangwalar, na ga tafin hannunsa duk ya saɓule.

"Ƙanena, hannuna ya mutu," in ji shi. "Kai su gida."

Na kai su, ina tuƙi ina kuka.