Farfesun Tamada a Garejin Maliki

A Yelwa, in ka ga mutum ya ratsa kasuwar bakin ruwa ya toshe hanci da gefen riga, Maliki bakanike ne. Haifaffen Yauri ne, kifi ya raine shi, amma yau ko man suyarsa ba ya son ji.

Shekara talatin yana kwance injin yana ɗaurawa, duk na ƙarfe. Wata rana Tamada direba, mai jigilar ɗanyen kifi daga Wara, ya turo tsohuwar motarsa, bulok, wato gangar jikin injin, ya tsage. Ya ce shi na alminiyam yake so, don an gaya masa bai kai rabin nauyin na ƙarfe ba, ka ga ya samu sararin ƙarin daro biyu na kifi.

Basiru, bakaniken da ke tsallaken titi, ya yi rantsuwa a gaban jama'a cewa Maliki ya tsufa da irin wannan aiki, motar ba za ta yi wata ba. Maliki kuwa ba abin da ya mallaka sai sunansa. Mako uku yana gyara mazaunin injin, yana ɗaure ƙusoshi a hankali kamar mai ɗinkin hula. Da ya gama ya ja kunnen Tamada: "Wanga ba irin na da ba ne. Ruwa mai tsabta za ka riƙa zuba mai. In ya yi zafi ka tsaya ya huce."

"Na ji, Oga."

Bayan kwana tara aka jawo motar da igiya, ƙudaje na mata rakiya. Basiru ya tsallako da mutanensa, har da masu ɗauko benci.

Maliki ya ɗaga bonet, ya buɗe lagireto, ya ja da baya taku uku.

"Tamada, don girman Allah mi ka zuba?"

"Ruwa ne, Oga."

"Ruwa da ƙaya?"

Ashe a hanya lagireto ya soma yoyo. Tamada ya yi dabarar da ya saba, ya fasa ƙwai biyu a ciki su toshe. Ruwa ya ƙare, ya duba, ga daro cike da ruwan ƙanƙarar kifi, da jini da yauƙi da guntun hanji. Ya ɗura rabi. Sauran ya sheƙa wa injin yana tsakar tafasa.

"Tsohon injin haka nike mai, bai taɓa ƙorafi ba."

"Shi ma haka ka kashe shi, maras imani!"

Kan injin ya karkace, mai ya gauraye da romo, ga ƙwai ya dahu ya yi kumfa kore-kore. Basiru, da ya zo dariya, ya tsoma waya ya zaƙulo wani abu mai santsi, ya daɗe yana kallonsa, sannan ya tofar da yawu.

"Jama'a, ku shaida, aikin Maliki ba shi da laifi. Ɗaurinshi ko motsi bai yi ba. Wanga farfesu ne aka dafa."

Haka sunan Maliki ya tsira, direbobi suka ci gaba da kawo masa aiki. Sai dai duk wanda ya tambayi kwatance, Garejin Farfesu ake ce masa. Hamdiyya matar Maliki kuwa ta koma miyar wake, tana mita kullum, don ba ta taɓa jin gidan Yauri da aka haramta kifi ba.